Funfuna a Fangalin Albasa: Mako Guda a Garkar Kawu

Litinin, 9 ga Satumba
Ruwa ya kwana yana zuba a kwarin Maggiya. Da hantsi muka ɗage karan da aka lulluɓe fangalin renon albasa da shi, sai ga farar funfuna ta shimfiɗu a ƙasa kamar saƙar gizo-gizo. Tsiron da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya kwanta faci-faci. Na tumɓuke ɗaya: gindin ya tsuke, ya yi ruwa-ruwa, saiwar ta yi baƙi. Kawu ya ce, “Kowace shekara mai sammakon yayyafi sai ya biya wannan haraji.” A ƙasar Dogarawa, wadda Galmi ke cikinta, ana yin sammakon ne don albasa ta riski kasuwa tun tana da tsada, kafin kaya su cika motocin Akara da Abijan.

Talata, 10 ga Satumba
Malamin gona ya zo, ya tsuguna, ya damƙi ƙasa ya matse har ruwa ya ɗiga. Ya ce ƙwayoyin cutar, irin su Pythium da Fusarium, dama suna cikin ƙasa, danshi da zafi da cunkoson tsiro ne ke tashe su. Ya dubi Kawu: “Baba, kun cika hannu wajen yayyafi, iska ba ta ratsa su.” Kawu ya ce iri ne nasa na gida, gara ya yi yawa da ya gaza.

Laraba, 11 ga Satumba
Ƙanena da ke karatu a Yamai ya bugo waya. Ya ce a Amurka masu noman ƙananan ganye a faranti, waɗanda ake yankewa a ci tun suna jarirai, suna fesa magunguna irin ZeroTol da OxiDate, masu sinadarin haidurojin feroksaid haɗe da asid ferasetik. Nan ba mu da su, amma farmasi na sayar da ɗan uwansu, ruwan wankin ciwon nan mai kumfa, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Na sayo kwalba, na zuba cokali biyu a kowace lita, na fesa wa rabin fangali bayan la'asar, na bar rabin don kwatanci.

Alhamis, 12 ga Satumba
Inda aka fesa, farin ya ɓace. Kawu har ya fara murmushi. Amma tsiron da ya kwanta bai tashi ba, ba kuma zai tashi ba.

Juma'a, 13 ga Satumba
An sake ruwa da asuba. Bayan masallaci muka leƙa, funfuna ta dawo ɓangaren da aka fesa. Malamin gona bai yi mamaki ba. Ya ce wannan sinadari abin da ya taɓa kawai yake ƙonewa, daga nan ya rikiɗe ya koma ruwa da iskar oksijin, kuma taki da ƙasa na cinye ƙarfinsa nan take. Turawan can a faranti wankakke suke shuka, cikin ɗaki mai fanka. Mu kuwa cutar tana kwance a ƙarƙashin fangali, inda feshi ba ya kaiwa. In kuma aka ƙara masa ƙarfi, ganyen zai ƙone.

Asabar, 14 ga Satumba
Yau aikin hauya ne. Muka kwashe ruɓaɓɓun da ƙasar gindinsu, muka kai nesa da garka. Muka haƙa magudana a gefe, muka ɗaga karan bisa ƴan sanduna don iska ta shiga ta fita, muka rage tsiro inda ya cushe. Ban ruwan yamma an dakatar da shi.

Lahadi, 15 ga Satumba
Ruɓar ta tsaya a iyakar jiya. Sabon fangalin da za a yayyafa a Oktoba mun tayar da shi kamu guda bisa ƙasa. Za a shuka a layi-layi, da ruɓaɓɓen taki, a kuma cuɗe irin da maganin iri wanda Kwamitin Magungunan Ƙwari na Sahel ya amince da shi. Kwalbar farmasi ta samu aikin da ya dace da ita: wanke butar ban ruwa da kwanon iri.

Ɗan uwa mai garka, in ka ga fari a fangalinka, fara duba magudana kafin ka kwance bakin aljihu.