Bayan Naman Layya: A Lallaɓa Ciki, Kada A Yi Masa Horo

 A wannan watan zan ɗan jingine sharhin fim, in yi magana kan abin da ke damun yawancin mu a makon da ke biye da Babbar Sallah: ciki ya kumbura, jiki ya mutu, bayan gida ya yi tauri, ga ƙwarnafi da daddare.

Finafinan mu ma su na da hannu a ciki. Duk lokacin da darakta ya so nuna maka Alhaji ya yi kuɗi, sai ya zaunar da shi gaban tebur cike da kaji da lemon kwalba, tumbi a gaba. Talaka kuwa shi ake ba kwanon kwaɗon zogale. Mun kalli wannan har ya zauna mana a rai, alhali idan lafiya ake magana, mai kwanon zogalen nan ya fi Alhaji dacewa.

A wajen mu, ƙasar Bagudo, cin Sallah ninki biyu ne. Dangi na nan Illo, Lolo, Ƙa'oje da Tsamiya, wasu kuma su na tsallaken iyaka, Segbana ko Malanbil a Jamhuriyar Benin. Ka gama zagayen gidajen wannan ɓangare, ka hau mashin ka tsallaka, can ma a dire maka soyayyen nama da taliya da wagashi, cukun nan na Fulanin can. In ka ce ka ƙoshi, gwaggo ta harare ka ta ce, "Yo mi kac ci? Ƙara ko loma guda, ɗana." Wa zai iya ƙin tayin gwaggo? Kafin kwana huɗu, ka zuba wa cikin ka naman da ba ya gani a wata biyu.

Ka duba lissafin. Masu binciken cutar daji na duniya su na ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, wato rabin kilo ne ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. To, ka tuna gishiri da dunƙulen ɗanɗanon da ake zuba wa nama don kada ya lalace. Lemon kwalba ɗaya kuwa ya na ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara. Sannan nama ba shi da harza irin ta ganye da dusar hatsi, wadda ita ke tura abinci cikin hanji. Shi ya sa komai ke tsayawa cak.

Nan ne masu maganin lasifika ke cin kasuwar su. Ranar kasuwa za ka ji su, a wannan ɓangaren da wancan, su na tallar "wankin ciki" cikin jarka ko ƙullin leda, babu lambar hukuma, babu ƙa'idar sha. Don Allah, mai karatu, ka riƙe kuɗin ka. Maganin da zai sa ka zawo yini guda ruwa da gishirin jikin ka ya ke kwashewa, kitsen da ka ci kuwa tuni jiki ya karɓe shi. Ga mai hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko mace mai ciki, abin na iya zama jinya. Haka nan ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake watsawa don "gajiyar Sallah", su na iya tayar da gyambon ciki. Hanta da ƙoda su ne masu aikin tace jiki, kuma abin da su ke nema a wurin ka shi ne ka rage masu kaya.

Wasu kuma horon yunwa su ke yi wa kan su: a wuni ba a ci ba, dare ya yi a afka wa tukunyar nama. Wannan ma ba gyara ba ne. Ka lura, ko addini bai yarda da azumi ranar Sallah da kwanaki ukun da ke bin ta ba. Bayan sun wuce, mai hali ya koma azumin Litinin da Alhamis, amma ya buɗa baki a hankali.

Abin daɗin shi ne, maganin na nan ƙofar gida. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar mu, Sarkawa na kawo ɗanyen kifi; a yi farfesun sa da albasa da citta, mai kaɗan, a huta da rago na 'yan kwanaki. Fulanin Ƙa'oje na da nono. Hura da nono ba tare da tulin sukari ba ta isa abincin rana. Da safe kunun tsamiya, domin tsamiya na sassauta ciki ba tare da tashin hankali ba. A koma tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon rama ko zogale, da wake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci ganye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400 a yini, kuma a wurin mu wannan ya fi tsire araha. Sai ruwa: tsabtatacce, a riƙa kurɓa tun safe, har fitsari ya yi haske.

Kada ka manta da ƙafa. Minti 150 na motsa jiki a mako ake so ga babba, wato rabin awa sau biyar. Manomi bai da matsala, tunda daga 2023 zuwa 2025 Sallar cikin watan Yuni ta faɗo, gona na jira. Mu 'yan zaman benci da kallon fim uku a jere mu ne abin ji. Ka ajiye mashin, ka taka zuwa masallaci ko kasuwa. Bayan cin dare kuma a ba ciki awa biyu ko uku kafin a kwanta, ƙwarnafi zai ragu.

Saura naman da aka adana. Sallar damina ba ta barin nama ya bushe da kyau, ga wutar lantarki ba tabbas. Uwargida, wanda ya canza wari ko ya yi yauƙi ko hunhuna, a zubar, asarar sa ta fi kuɗin asibiti sauƙi. Mai kyan kuma a mai da shi ɗanɗanon miya, yanka biyu a kwano. In ya yi yawa, akwai maƙwabcin da bai yanka ba. Idan zawo ya kama wani, musamman yaro, a haɗa ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi.

Amma akwai inda lallaɓawa ba ta isa. Jini a bayan gida, aman da ya ƙi tsayawa, ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, ko babban yatsan ƙafa ya kumbura ya na zogi bayan cin kayan ciki, duk waɗannan na asibiti ne, kuma a ranar. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su je awo a makon nan, kada su bar maganin su don wani jiƙo.

In ka bi haka mako guda, insha Allahu jiki zai dawo daidai. Badi kuma in gwaggo ta dire kwano, ka ɗauki yanka ɗaya, ka yaba hannun ta, ka ce, "Gwaggo, ƙulle min sauran in kai wa yara." Ta ji daɗi, cikin ka ya huta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, mu koma kan finafinai.