Farin da Aka Bari

Ina da shekara 12 ran da na fara ganin mai zanen launin ruwa. Inna ce ta aike ni daga Zango zuwa Adum in kai wa kawuna goro. A bakin titi na tarar da wani saurayi zaune, takarda a kan cinyarsa, gefensa gwangwanin madara cike da ruwa. Na tsaya kallo har na manta da aiken, na kuwa sha faɗa da na koma gida.

Saurayin ɗalibi ne a jami'ar Kumasi, wadda mutanen gari ke kira Tek. Sashen zanenta daga Achimota aka maido shi Kumasi a 1952. A can Ablade Glover da Ato Delaquis suka koyar shekaru masu yawa, su biyun kuma sun shahara wajen zana kasuwanni da cunkoson jama'a.

Da muka saba, na tambaye shi da me ake haɗa launin. Ya ce garin launi ne da ƙaro. Na yi dariya, domin ƙaro ba baƙo ba ne a Zango. Da shi maƙwabcinmu malamin allo yake haɗa tawada. Ashe ƙaron da ake tsinka a jikin itatuwa a Borno da Cadi da Sudan shi ake kaiwa Turai, ya dawo mana cikin ɗan akwati da tsada.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba ya amfani da farin fenti. Duk inda yake son haske, sai ya bar takarda yadda take. Launin ruwa ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka daga mai haske ake farawa, a ƙare da mai duhu. In ka yi garaje ka shafe farin, da wuya ya dawo. Da hunturu kuwa, kafin ka gyara kuskure takarda ta bushe.

Wata rana ya bi ni tashar Kejetia, inda Inna ke sayar da goro, ya roƙa ya zana ta. Ta ce, “Ɗana, zane ba ya cika ciki.” Amma ta gyara mayafi ta zauna. Ya zana kwandon goro da ganyen da aka lulluɓe shi, da motocin haya a bayanta. Mayafinta fari ne, bai taɓa wurin da burushi ba ko sau ɗaya.

A 2015 aka fara rushe tsohuwar tashar domin a gina sabuwar kasuwa. Inna ba ta ga ginin ba, Ubangiji ya riga ya kira ta. Yau ko ni ba zan iya nuna inda take zama ba. Takardar nan ce kaɗai shaidata, damshin damina kuma ya soma yi mata tabo.

Mai karatu, ni mutum ne mai yawan magana, na sha ɓata zumunci da kalmar da ba ta janyuwa. Shi ya sa na rataya zanen kusa da ƙofa. Kafin in fita da safe nakan dubi mayafin Inna, in roƙi Allah ya koya mini inda ya kamata in ɗaga hannuna.