Karfasa Huɗu da Tarwaɗa Ɗaya

Mu da muke neman abinci da kwamfuta, da awa ake auna mu. Kamfanin da ke Legas ko Jamus bai damu da yadda muka kwana ba, awa nawa muka yi a kan aiki yake tambaya, kuma akwai manhajar da ke ƙirga masa. In mutum ya shekara goma a haka, sai ya fara auna komai da wannan mudun, har zumunci. Ziyara ta zama asarar kwana biyu, gaisuwa ta koma saƙon murya a WhatsApp.

Mu shida muka gama karatun kwamfuta tare a Kano. Yanzu saura mu biyar. Ranar sadakar ukun wanda ya riga mu, muka lissafa muka ga shekara bakwai ke nan biki da rasuwa ne kaɗai ke haɗa mu. A nan muka ƙulla alkawari: sau biyu a shekara, daga Juma'a zuwa Lahadi, za mu sauka a gidan ɗaya daga cikinmu, ba don suna ba, ba don aure ba. Bana aka zo kan Kazaure, inda abokinmu ya koma yana koyarwa, yana kuma jinyar mahaifinsa.

Ana saukowa daga masallaci muka kama hanyar Daura, muka ratsa Dambatta, kafin rana ta yi sanyi muka hango duwatsun Kazaure. Garin ba baƙo ba ne ga masu sana'armu, don tun farkon shekarun 2000 akwai cibiyar koyar da kwamfuta a cikinsa, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Amma mai masaukinmu ya gindaya sharaɗi tun a ƙofar gida: kowa ya bar kwamfutarsa a mota.

Da safiyar Asabar uwargida ta aike mu cefane. Kowane kaya da garin da za a samo shi. Daddawa sai wajen wata tsohuwa a Roni. Man shanu sai wata ruga a hanyar Gwiwa. Riɗi kuwa surukarta ta riga ta aiko daga Babura. A Kano minti goma ya ishe mu a kanti ɗaya, a nan sai da muka kai azahar.

Tsohuwar Roni ba ta miƙo mana daddawa ba sai da ta sa muka sunsuna iri biyu, ta kalwa da ta waken suya, muka bambance. Ta kalwa aiki gare ta: a dafa 'ya'yan ɗorawa su yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe su kwanaki har su yi wari, sannan a daka a shanya. A ruga ma haka. Mun fito da kuɗi muna tsaye, Inna ta shimfiɗa tabarma ta ce, “Yaran nan, biyo ku aka yi? Ku zauna ku sha fura tukuna.” Muka zauna.

Bayan la'asar muka gangara dam. Wani dattijon masunci, abokin mahaifin mai masaukinmu, ya ba kowa fatsa da gwangwanin tana. Ya nuna mana gefen ciyawa inda karfasa ke kiwo, ya ce tarwaɗa kuwa can ƙasa take cikin taɓo, sai duhu ya fara take motsi. Muka tambaye shi, “Baba, me ya sa idon komarka ya yi faɗi haka?” Ya zura yatsu uku a ciki ya ce ƙanana yake bari su wuce. Masu jan ruwa da gidan sauro ne ke ɓata masa rai. “Wanda ya kwashe 'ya'yan bana, me zai kama baɗi?”

Daga nan sai jira. A awar farko hannuwanmu sai kai wa aljihu suke, hira kuma duk ta farashin dala ce da masu ba da aiki su ƙi biya. A ta biyu zance ya ƙare, sai kukan kwaɗi da ƙarar babura daga nesa. Ana dab da magariba, ɗaya daga cikinmu, idonsa a kan zaren fatsa, ya ce wata huɗu ke nan da kwantiraginsa ya ƙare, kuma motar da ya ce mana tana gareji sayar da ita ya yi. Shi ne wanda ya fi kowa turo abin dariya a zaurenmu na WhatsApp, kullum. Ba wanda ya ce uffan. Can sai mai masaukinmu ya ce akwai safiyar da mahaifinsa ke kallonsa ya tambaye shi ɗan wane ne.

Irin wannan magana ba ta shiga saƙon murya. Ba ta fitowa a wurin biki, inda kowa ya sha shadda yana nuna ya samu. Sai an zauna kafaɗa da kafaɗa, ba a kallon juna, an ɓata awa biyu a kan abin da ba ya kawo ko sisi, sannan take samun hanya. In da za a yi lissafi irin namu, kuɗin man da muka ƙona zai sayi kifi cike da daro. Karfasa huɗu da tarwaɗa ɗaya muka tashi da su, uku daga ciki ma birgin Baba ne ya kamo.

Da dare aka yi farfesu da daddawar Roni, aka kawo tuwon dawa miyar kuka, man shanu yana narkewa a kai. Ranar Lahadi da hantsi mai masaukinmu da kansa ya karya sharaɗinsa. Aka ɗauko kwamfuta ɗaya, muka gyara takardun neman aikin ɗan'uwanmu, biyu daga cikinmu suka tura wa shugabanninsu. Muka kuma raba ranakun da za mu riƙa zuwa muna karɓar mai masaukinmu jinya, ko da sau ɗaya ne a wata.

Da za mu tafi, uwargida ta fito da ragowar daddawa da riɗi da kantu a ƙulle. Muka ƙirga, ƙulli shida. Ta ce na shidan na matar marigayi ne da yaranta, mu biya mu kai mata kafin kowa ya wuce gida. Sai da muka yi sallar isha'i a ƙofar gidan sannan muka watse.