Famfon Mai Ya Tsayar Da Mu a Azare

Da hantsin Talata muka bar Kano, da niyyar mu kwana a Potiskum mu wayi gari a kasuwar shanu ta Laraba. Jif muka ɗauko haya, mai shan fetur, ta ɗan kwana biyu amma da sauran ƙwarinta. Muka haye gadar Wudil, muka bar Shuwarin da Kiyawa lafiya lau. Rana na takewa, muna dab da Jama'are, sai mota ta fara fizga. Direba ya taka totur, ta ƙi amsawa, ta gangara gefen titi ta mutu. In ta huta kaɗan sai ta tashi, a ɗan taɓa tafiya ta sake mutuwa. Da haka muka lallaɓa har Azare.

Bakaniken da aka nuna mana dattijo ne, garejinsa a gindin darbejiya. Bai buɗe bonet ba. Murfin tanki ya kwance, ya kara kunne, ya ce wa direba ya murɗa makulli amma kada ya tayar. Shiru. Ya ce da famfon na da lafiya, da an ji ɗan gurnaninsa na daƙiƙa biyu ko uku yana tura mai gaba. Ya duba fiyus, ya sauya rile da wani, ya tabbatar wuta na isa. Sannan ya sa yaronsa ya bugi gindin tankin da guntun katako, aka murɗa makulli, sai ga wata 'yar ƙara a shaƙe.

"Alhaji, famfon mai ne," in ji shi. "Ya gama aiki."

Wannan taka-tsantsan ya burge ni. Da yawa sun sayi sabon famfo alhali fiyus ne kawai ya ƙone.

A motocin zamani masu injekta, famfon na lantarki ne, kuma a cikin tanki yake zaune, tsundum a cikin fetur. Wasu jif-jif an yi musu 'yar ƙofa a ƙarƙashin kujerar baya, a ɗaga kujera a zaro shi cikin sauƙi. Tamu ba ta da ita, dole a sauke tanki gaba ɗaya. Dattijon ya fara cire wayar batir, ya kori mai shayin da ke hura gawayi kusa da mu, ya hana kowa kunna sigari. Aka zuƙe sauran man a jarka, aka ɗaga mota, yara biyu suka shige ƙarƙashi suka kwance tiyo da wayoyi da ƙarafan da ke riƙe da tankin. Kafin dattijon ya taɓa murfin famfon sai da ya share ƙurar da ta taru a kai tsaf, don kada ƙwayar yashi ta faɗa ciki.

Da ya zaro shi, ya miƙo mini in gani. A ƙasansa akwai 'yar rariya mai kama da jakar ganyen shayi, wadda asalinta fara ce. Wannan ta koma baƙa ƙirin, ta daskare da laka. Ya matsa ta da yatsa, ruwa mai launin tsatsa ya tsiyayo a tafin hannunsa. Ya haska cikin tankin, ga yashi kwance a ƙasa.

Sai ya juya wajen direba. "Ɗana, nawa kake zuba mata?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Baba, gwargwadon abin da aka samu ne. Wani lokaci lita biyar."

Nan ne gizo ke saƙar. Fetur ɗin da famfon ke ciki shi ke sanyaya shi. Motar da kullum allurarta ke kwance a ja, famfonta na aiki cikin zafi, yana zuƙar iska duk lokacin da man ya karkata gefe, ga toshewar rariya ta ƙara masa wahala. Ban ga laifin direban ba. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce haka nesa. Cika tanki ya gagari mai motar haya. Ga man 'yan bumburutu na bakin hanya, wanda ake juyewa daga jarka zuwa galan, ba mai sanin abin da ya shiga ciki. Masu mota ba su manta da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi farkon 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci da dama a gareji.

Wajen sayen kaya aka ɗan yi ja-in-ja. Akwai sabo mai araha a kwali mai ƙyalli, akwai na Kwatano da aka ciro daga wata motar, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Dattijon ya zaɓi na Kwatano, ya gwada shi da batir nesa da tankin, ya dage sai an haɗa da sabuwar rariya da sabuwar robar murfi. Aka wanke tanki, aka mayar da komai. Ya murɗa makulli ya kashe har sau uku don mai ya cika tiyo, sannan ya tayar. Bugu ɗaya ta kama. Bai sallame mu ba sai da ya sake shiga ƙarƙashi ya tabbatar babu ɗigo.

Bayan la'asar muka kama hanya, muka tsaya a gidan mai aka zuba rabin tanki, muka shiga Potiskum ana kiran sallar isha'i. Direbobi, na san halin da ake ciki, amma ku daure kada allura ta sauka ƙasa da kwata, kuma duk ranar da za a sauya famfo, a sauya rariyar a wanke tankin.