Minti 40 a Tsakiyar Daji

Gab da magariba jirgin ƙasanmu ya tsaya cak a daji. Ba tasha, ba gari, ba sabis. Lasifikar da ta yi mana barka da zuwa ta yi tsit.

Duk wanda ya tuna harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya san abin da ya zo mana a rai. Wata Hajiya ta tura jikanta ƙarƙashin kujera tana salati. Ni kuwa na tura wa Innata saƙon neman yafiya, ya ƙi tafiya.

Sai bayan minti 40 wani ma'aikaci ya leƙo: "Ku yi haƙuri, inji ne ya samu matsala. Ban san yaushe za a gama gyara ba."

Hajiya ta ce, "Haba ɗana, ai da tun ɗazu ka faɗa."

Muka ƙara awa biyu, har da hira da rabon dabino. Ashe jiran ba komai ba ne, shirun ne azaba.

Da muka samu sabis, saƙon ya tafi da kansa. Har yau Inna ba ta yarda in shiga jirgi ba.