Gidan Fatoma: Masaukin da mai shi ke kwana a ciki



Idan ka taɓa zuwa Kasuwar Shanu a Maiduguri, ta wajen Gamboru, ka ga fataken da ke kawo shanu daga Chadi da Kamaru da Nijar. Ka taɓa tunanin inda suke kwana? Tun kafin zuwan otal, gidan fatoma suke sauka. Kalmar ta Barebari ce: "fato" gida ne, "fatoma" kuwa mai gida. Shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an karɓi shanu bashi. Ladansa la'ada.

A bazarar da ta wuce na raka gwaggona biki can. Gidan biki ya cika, sai aka kai mu wani ɗan masauki mai ɗaki takwas kusa da kasuwar. Mai shi dattijo ne, ya gaji gidan daga kakansa wanda fatoma ne. Ya ce da gwamnatin Borno ta dakatar da cinikin shanu a kasuwar a 2016, saboda zargin ana shigo da shanun da 'yan Boko Haram suka sace, baƙi sun ɗauke ƙafa. Maimakon ya sayar, sai ya gyara ɗakunan fatake ya mai da su masauki, shi da iyalinsa suna sashen baya.

Gwaggo na da ciwon suga, allurar insulin take yi. Wadda ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafin Maiduguri kuwa a bazara yakan haura 40. Da dare wuta ta ɗauke, hankalina ya tashi. Ina faɗa wa Baba, sai ya ce, "'Yata, kwantar da hankalinki." Uwargidansa ta kawo tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi, muka rufe maganin a roba don kada ruwa ya taɓa shi, muka binne a ciki. Wannan ba firji ba ne, amma yana rage zafi sosai. Kafin asuba kuma ya samo mana ƙanƙara a maƙwabta, muka naɗe ta a tsumma, domin insulin da ta daskare ta lalace.

Shawarata gare ka: idan za ka yi tafiya da mara lafiya, kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, tambayi wa ke da gidan, kuma wa za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Ka sanar da shi lalurar da wuri, ka riƙe maganinku a jakar hannu, ban da but ɗin mota, ka kuma tafi da gidan sauro.

Baƙonka annabinka, in ji Hausawa. A gidan nan na ga abin da ido. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa.