Kyamara A Cikin Ruwa, Ɗan Jarida A Kan Tudu

Duk wanda ke da waya a hannu a watan Yulin 2018, da wuya a ce bai ga hoton nan ba. Hoto ne mai rawa, duhu ya yi masa yawa, hasken tocila ne kawai ke yawo a kan fuskokin wasu yara ramammu da ke zaune bisa wani tudun laka, wasunsu sanye da rigunan ƙwallo. Da wani mai kyamara ne a Kano ya kawo wa darakta irin wannan ɗauka, to ranar sai an yi rabon faɗa a lokeshin. Amma wannan hoton babu gidan talabijin ɗin da bai nuna shi ba a duniya, an maimaita shi har an gaji.

A kogon Tham Luang ne, a lardin Chiang Rai da ke arewacin ƙasar Tailan. Yara 12 'yan wata ƙungiyar ƙwallo, masu shekara 11 zuwa 16, tare da kocinsu ɗan shekara 25, sun shiga kogon ranar 23 ga Yuni, ruwan sama ya zo ya toshe musu hanya. Sai ranar Litinin 2 ga Yuli wasu Turawan Ingila biyu, Rick Stanton da John Volanthen, suka ɓullo daga cikin ruwa suka tarar da su da rai, fiye da kilomita biyu daga bakin kogon. Volanthen ne ya kunna 'yar ƙaramar kyamarar da ke tare da shi. Shi ba mai ɗaukar hoto ba ne, aikin kwamfuta yake yi a Bristol. Stanton kuwa tsohon ma'aikacin kashe gobara ne. Nutso cikin koguna shi ne abin da suka ƙware a kai. Sojojin ruwan Tailan suka sa hoton a shafinsu na Facebook, shi ke nan duniya ta ɗauka.

To, a nan gizo ke saƙar. Da ɗan jaridar talabijin ya ga hoto ɗaya ya fito daga wuri, sai ya ɗauka ai hanya ta buɗe: tunda kyamara ta shiga jiya, me zai hana ta koma yau? Wannan tunanin shi ne ya daɗe yana ci wa masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa tuwo a ƙwarya, ba a Tailan kaɗai ba, duk inda jirgi ya nutse ko wani abu ya faru a teku aka kira su su yi aiki da tawagar labarai.

Matsalar farko ta agogo ce. Ɗan jarida agogonsa ɗaya, lokacin labarai. Edita na can ofis yana buga masa waya, wancan gidan ya riga ya nuna nasa, kai ina naka? Shi kuwa mai nutso, agogonsa yana ɗaure a jikin tukunyar iskar da ya goya. Duk mita 10 da ya ƙara ƙasa, ruwa na ƙara danna shi da nauyi daidai da na iskar duniya baki ɗaya. A zurfin mita 30, iskar da yake zuƙa a numfashi ɗaya ta ninka ta kan tudu sau huɗu, wato tukunyar tana ƙarewa da sauri sau huɗu. Kuma ko iskar ba ta ƙare ba, bai fi minti 20 zai yi a wannan zurfin ba idan yana so ya hau ba tare da dogon zango a hanya ba, saboda iskar naitirojin da ke taruwa a jininsa. In ya tashi hawa ma ba zai yi zumbur ya fito ba. A hankali zai hau, ya tsaya wajen mita 5 ya yi kamar minti uku. Wanda ya yi gaggawa, iskar nan sai ta yi kumfa a jikinsa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ta kama gaɓoɓi, wani ta shanye masa jiki, wani ta kai shi lahira.

Yanzu mai karatu ya ƙiyasta mutumin da ya gama duk wannan, ya fito yana haki, leɓɓansa sun yi fari, sai furodusan labarai ya leƙa hoton ya yamutsa fuska ya ce, "Malam, ɗan koma mana ka ƙara ɗauko ta gefen can, minti biyar kawai." Minti biyar! A lokeshin na kan tudu darakta na iya cewa a maimaita sau goma, abin da zai ƙare batir ne da haƙurin jarumai. A can ƙasa ba haka ba ne. Dole ya huta a sama tukuna, kuma nutso na biyu ya fi na farko gajarta. Ko jirgin sama ba zai shiga ba sai ya yi aƙalla awa 12 da fitowa, in ya yi nutso da yawa ma awa 18, alhali tawagar ta riga ta sayi tikitin yamma.

Sai maganar kaya. Kyamarar ba haka nan ake tsoma ta ba, akwai akwatin da ake rufe ta a ciki, wanda sau da yawa kuɗinsa ya kai na kyamarar ko ya fi. Abin da ke tsare ruwa daga shiga wani siririn zoben roba ne. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi in ta hau kansa, ruwan gishiri zai shiga, kyamara ta tashi aiki har abada. Shi ya sa za ka ga mutumin ya sunkuya yana goge roba yana shafa mata mai kamar mai yi wa jariri wanka, su kuma 'yan labarai suna tsaye a kansa suna duba agogo, a zatonsu iyayi yake yi. Kuma da zarar an rufe akwatin nan, babu canza gilashin kyamara, babu canza batir, sai an fito an busar.

Abin da ya fi ba su takaici kuma shi ne a ce hoton bai yi kyau ba. Wanda ya saba ganin fina-finan teku a talabijin, ruwa garau, kifaye ja da ruwan ɗorawa suna wucewa, bai san cewa irin wannan ɗaukar watanni ake yi ana jiran rana mai kyau ba. Ruwa yana cinye launi. Ja ne ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, har ta kai in mutum ya yanke a can ƙasa, jininsa kore-kore zai gan shi. Komai sai ya koma shuɗi ko toka-toka. In an kunna fitila don a dawo da launin, hasken sai ya bugi dattin da ke yawo a ruwan ya dawo cikin kyamara, hoton ya zama kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Su kuwa labarai ba a wurin ruwa mai kyau suke faruwa ba. Inda jirgi ya kife, inda ambaliya ta ci, nan ne ruwa ya fi dagulewa. A Tham Luang ruwan ya zama kamar na dam a tsakiyar damina, mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa a wasu wuraren, igiya yake bi da lalube, yana matsawa ta ramukan da da ƙyar mutum ke wucewa da tukunyarsa. Wane hoto za a ɗauko a nan?

Kai-tsaye kuwa ba a ma maganarsa. Saƙon rediyo ba ya ratsa ruwa, sai dai a ja waya tun daga sama, waya kuma a wuri mai duwatsu tarko ce ga mai nutso. A zamanin da kowa ke aika hoto daga aljihunsa, yaran Tham Luang wasiƙu suka rubuta wa iyayensu da hannu, masu nutso suka fito da su.

Ranar 6 ga Yuli aka wayi gari da rasuwar Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, wanda ya je kai tukwanen iska cikin kogon, ya suma a hanyar dawowa. Ƙwararre ne, ba ɗan koyo ba, kuma babu kyamara a hannunsa da za ta raba masa hankali. Wannan kaɗai ya isa amsa ga duk mai tambayar me ya sa ba a ƙara wani mutum ɗaya ba don ya riƙa ɗaukar hoto.

Gaskiya su ma 'yan jaridar ba za a ɗora musu laifin duka ba. Ɗaruruwansu sun yi kwanaki cikin taɓo da ruwan sama a bakin kogon nan, kuma ihun da suka yi yana cikin abin da ya jawo injinan zuƙar ruwa da ƙwararru daga ƙasashe daban-daban. Mutum ne aka turo shi daga nesa da kuɗi masu yawa, aka ce kada ya dawo hannu rabbana. Amma akwai inda suka wuce gona da iri. Da safiyar 8 ga Yuli hukuma ta kwashe su daga bakin kogon kafin a fara fito da yaran, duk da haka sai da wani gidan talabijin ya tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi kusa da helikwaftan da ke aikin ceton, abin da ya jawo masa zagi daga 'yan ƙasar har ya ba da haƙuri.

Abin da ba a bari su gani ba kuwa, gara da ba su gani ba ɗin. Wani likitan allurar barci ɗan Ostareliya, Richard Harris, wanda shi ma gwanin nutso ne, shi ya riƙa yi wa yaran allurar ketamin su yi barci. A sa wa yaro takunkumin iska mai rufe fuska duka, a ɗaure masa hannuwa ta baya don kada ya farka ya fizge shi, sannan mai nutso ɗaya ya riƙe shi ya bi igiya da shi cikin duhu na wajen awa uku, yana ƙara masa allura a hanya in ya fara motsi. Huɗu ranar 8, huɗu ranar 9, ragowar huɗun da kocinsu ranar 10 ga Yuli. Duka suka fito da rai. A ce ana nuna wannan kai-tsaye, uwa na zaune tana kallon ɗanta a ɗaure, kife a cikin ruwa kamar gawa, da wuya a bari a kai yaro na biyu.

Akwai wani kukan kuma da ke zuwa bayan an miƙa hoton, domin daga nan ya bar hannun mai shi. Mutum zai yi awa guda da kifin shak yana wucewa ta gabansa lafiya lau, sai edita ya tsinci daƙiƙa uku da kifin ya buɗe baki, ya ɗora musu kiɗan tsoro, ya riƙa jawo su duk ranar da aka ciji wani a ko'ina a duniya, sau da yawa ko sunan mai ɗaukar ba a sawa. A 2001 gidajen talabijin na Amurka sun cika duniya da labarin shak har mujallar Time ta sa shi a bangonta, alhali hare-haren da aka ƙirga a shekarar 76 ne, ƙasa da 85 na shekarar 2000.

Wani lokacin kuma hoton da ake kwaɗayi shi ne wanda mai shi ba ya so kowa ya gani. Ranar 4 ga Satumba, 2006, Steve Irwin, mutumin nan ɗan Ostareliya mai kokawa da kada a talabijin, yana cikin ruwa a gaɓar Queensland sai wani faffaɗan kifi mai tsinin dafi a wutsiya ya soke shi a ƙirji. Mai kyamararsa, Justin Lyons, yana ɗauka. Abokinsa ne fa, a gabansa ya cika. Kaset ɗin ya je hannun 'yan sanda, daga baya aka ba matar mamacin, Terri, wadda ta ce ta lalata shi. Lyons bai buɗe baki ya ba da cikakken labarin ba sai a 2014, kuma ra'ayinsa shi ne kada a taɓa nuna hoton. Duk wanda ya ce maka ya kalle shi a intanet, na bogi ya kalla.

Masu fim ne suka zo daga baya suka yi abin da 'yan labarai ba su da haƙurin yi. Elizabeth Chai Vasarhelyi da Jimmy Chin, da suka tashi shirya "The Rescue" wanda ya fito a 2021, sun tarar babu hoton ceton daga cikin ruwa. Sun sha wahala kafin sojojin ruwan Tailan su sakar musu ɗaukar awa 87 da suka adana, su ma yaran ba su samu yin hira da su ba domin Netflix ya riga ya sayi haƙƙin labarinsu. Ron Howard kuwa da ya yi "Thirteen Lives" a 2022, inda Viggo Mortensen ya fito a Stanton, Colin Farrell ya fito a Volanthen, gina kogon ya yi a Queensland ya cika shi da ruwa.

Su masu "The Rescue", a lokacin annobar korona suka tara su Stanton da Volanthen na gaskiya a situdiyon Pinewood da ke kusa da Landan, inda ake yin fina-finan James Bond, suka sa su cikin tankin ruwa da kayan nutsonsu, suka ce su maimaita abin da suka yi a kogon. A nan ne mai kyamarar ruwa ya samu fitila yadda yake so, da ruwan da shi ne zai ce ga yadda za a dagula shi, da daraktan da zai jira shi ya goge robarsa. In an ce a maimaita, sai kowa ya ɗago kai ya sha iska, a sake komawa.